Ma'anar lb, oz, cwt da ton da ake gani a jikin sikeli, da hukuncin ciniki da zakka da su

Tambaya

Ni mai sayen riɗi da zoɓo ne a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, ina kai wa manyan 'yan kasuwa a Maigatari ranar Alhamis. Ina kuma da ɗan shago a Gumel inda ake sayar da shinkafa da fulawa a kan kilo. Kwanan baya na tarar sikelin shagon ya koma nuna lb maimakon kg, yaron shago kuma ya yini yana awo a haka bai lura ba. Sannan wani ya kawo mini takardar ciniki an rubuta 30 tons, tsohon sikelin mahaifina kuma akwai cwt da qr a jikinsa. Mene ne ma'anar waɗannan haruffa? Kuma me ke kaina game da mutanen da aka auna wa a ranar?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da haƙƙin mutane tun kafin su biyo ka. Amsar a taƙaice ita ce: waɗannan haruffa gajerun sunaye ne na ma'aunan nauyi na Turawan Ingila, kowannensu yana da nauyinsa sananne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da kilo. Lambar da sikeli ya nuna ba ta gaya maka komai har sai ka duba harafin da ke gefenta. Wanda ya biya kuɗin kilo aka auna masa laba, bai samu ko rabin kayansa ba, kuma wajibi ne a cika masa. Ga bayanin dalla-dalla.

Mas'ala ta farko: daga ina waɗannan ma'aunai suka zo mana?

Kafin zuwan Turawa, kasuwanninmu da mudu da tiya da zakka da kwarya ake awon hatsi, wato awo ne na cika mazubi. Abin da ake ɗorawa a kan ma'aunin nauyi kaɗan ne, kamar zinariya da ake aunawa da miskali. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar nan a 1903 suka zo da nasu tsarin, wanda majalisarsu ta daidaita da doka tun 1824. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma miƙa layin zuwa Nguru a 1930 ya ratsa ta Gagarawa, sai cinikin gyaɗa da fata da ƙaro ya koma kan sikeli. Kamfanoni suna saye a kan laba, suna lissafi a kan tan. Dalar gyaɗar Kano duk da wannan tan ɗin aka riƙa ƙidaya ta.

Mu da muka taso a shekarun 1970 mun tarar da dattawa suna cewa laba kaza, oza kaza. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan kalmomi biyu daga gajeren rubutun aka samo su. Bature yana rubuta lb amma bakinsa yana cewa pound, sai Bahaushe ya karanta abin da idonsa ya gani, ya ce laba. Bature yana rubuta oz yana cewa ounce, Bahaushe ya ce oza. Saboda haka kakanninka sun san waɗannan haruffa, mu ne muka manta su bayan da Nijeriya ta koma tsarin kilo da giram a shekarun 1970, lokaci guda kusan da komawa naira da kwabo a 1973. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa kilo suka gada daga Faransa tun asali, shi ya sa baƙon da ya tsallako kasuwar Maigatari daga can bai san wata laba ba.

To me ya dawo da su? Abu biyu. Amurka har yau da laba da oza take ciniki, don haka kayan da aka yi domin kasuwarta da su ake rubuta nauyinsu. Sannan sikelin lantarki da ake shigo da su yanzu, yawancinsu suna da maɓallin da aka rubuta UNIT a kansa, dannawa ɗaya ce ke juya shi daga kg zuwa lb ko oz. Sikelin ƙugiya da ake ratayewa shi ma sau da yawa layin lamba biyu ne a fuskarsa, ɗaya na kilo ɗaya na laba.

Mas'ala ta biyu: haruffan da cikakkun sunayensu da nauyinsu

Ga su daga ƙarami zuwa babba:

gr: cikakken sunansa grain, ma'anarsa ƙwayar hatsi. Miligiram 64.8 ne. Guda 7,000 ke yin laba ɗaya.

dr: sunansa dram. Giram 1.77 ne. Guda 16 ke yin oza ɗaya.

oz: sunansa ounce, shi ne oza. Giram 28.35 ne. Guda 16 ke yin laba ɗaya.

lb ko lbs: sunansa pound, shi ne laba. Giram 453.6 ne, wato bai kai rabin kilo ba. Harafin s na ƙarshe alamar jam'i ce kawai, ba ta canza nauyi.

st: sunansa stone, ma'anarsa dutse. Laba 14 ne, kilo 6.35. Mutanen Ingila suna faɗin nauyin jikin mutum da shi.

qr ko qtr: sunansa quarter, wato rubu'i. Laba 28 ne, kilo 12.7.

cwt: sunansa hundredweight. A lissafin Ingila laba 112 ne, kilo 50.8. A lissafin Amurka laba 100 ne, kilo 45.36.

ton: shi ne tan, kuma iri uku ne, bayaninsu yana tafe.

Wannan nauyi na laba, giram 453.6 idan an taƙaita, an tsayar da shi ne a yarjejeniyar 1959 tsakanin Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu. Daga shi ake fitar da sauran.

Kana iya tambaya: me ya haɗa lb da pound, alhali babu l babu b a cikin kalmar? Amsa ita ce haruffan daga Latin aka ɗauko su, harshen Rumawan dauri. Sunan ma'auninsu libra, shi aka gajarta zuwa lb. Daga wannan libra ɗin ne kuma alamar kuɗin fam ta fito, wato £. Bature da kalma ɗaya yake kiran fam na kuɗi da laba ta nauyi, Hausa ce ta raba su, don haka idan ka ji an ce buhu ya yi nauyin fam kaza, laba ake nufi. Ita kuma oz daga tsohuwar kalmar Italiya onza take. Harafin c na cwt daga centum ne, wato ɗari a Latin, wt kuma gajarta kalmar nauyi ce a Turance. Ka lura da tarkon da ke cikinsa: sunansa ɗari, amma a Ingila 112 ne.

Da wannan za ka iya karanta tsohon sikelin mahaifinka, Allah ya jiƙan magabata. Idan ya nuna 2 cwt 1 qr 10 lb, sai ka ce 224 da 28 da 10, laba 262 ke nan, wato kilo 119 saura kaɗan.

Mas'ala ta uku: tan iri uku

Na farko, dogon tan na Ingila, long ton. Laba 2,240 ne, wato cwt 20, kilo 1,016. Shi ne tan na zamanin gyaɗa.

Na biyu, gajeren tan na Amurka, short ton. Laba 2,000 ne, kilo 907.

Na uku, tan na tsarin kilo, ana rubuta shi tonne ko t ko MT. Kilo 1,000 ne cif. Shi ne wanda ake nufi yau a cinikin riɗi da zoɓo da taki a ƙasar nan.

Duba takardarka mai 30 tons. In na kilo ake nufi, kilo 30,000 ne. In na Ingila ne, kilo 30,481. In na Amurka ne, kilo 27,216. Tsakanin na Amurka da namu akwai kilo 2,784, ka lissafa kuɗinsu da farashin riɗi na wannan kakar ka ga abin da kalma ɗaya take ɗauke da shi. Ka kuma kiyaye kada ka haɗa st ƙanana na stone da ST da wasu ke rubutawa suna nufin gajeren tan.

A fiƙihu, sharaɗi ne abin sayarwa ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa, jahilci game da adadinsa yana shiga cikin garari da aka hana. Wannan ya fi tsanani a cinikin salam, wato a ba ka kuɗi yanzu ka kawo kaya da kaka, domin hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya sharɗanta cewa awo ya zama sananne, nauyi sananne, lokaci sananne. Idan an saki kalmar tan ba a fayyace ba, malamai suna mayar da lafazin ciniki zuwa ga al'adar kasuwar da aka ƙulla shi, al'adar kasuwarmu kuwa yau kilo 1,000 ce. Amma zoɓon wannan yanki har Meziko ake fitar da shi, takardu kuma suna ratsa hannuwa da yawa, kowane da al'adarsa. Saboda haka kada ka sa hannu sai an rubuta adadin da kilo a fili: tan 30, kowane tan kilo 1,000, jimla kilo 30,000. A kuma rubuta ko nauyin buhu yana ciki ko za a cire, da kuma sikelin da za a yi hukunci da shi. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutawa domin yanke irin wannan saɓani ne.

Mas'ala ta huɗu: yadda za ka gane sikeli ya juya, da yadda za ka mayar da lissafi

Kilo ɗaya laba 2.2 ne. Buhun siminti ko na taki mai kilo 50 zai nuna kusan 110 idan sikeli yana kan lb. Ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, in ka ɗora shi ka ga 2.2 da ɗoriyar nauyin gorar, to sikelin ya juya. Ka ajiye wani abu da ka tabbatar da nauyinsa a shago, kullum da safe a ɗora shi kafin a fara awo.

In kana son mayar da laba zuwa kilo da ka, raba lambar biyu, sannan ka cire ushurin abin da ya rage. Laba 100, rabinta 50, cire 5, saura 45. Ainihin lissafin 45.36 ne, ka ga ya yi kusa. In kilo za ka mayar laba, ninka biyu ka ƙara ushuri: kilo 40 ya zama 80, ƙara 8, laba 88. Wannan na kimantawa ne a tsaye cikin kasuwa. Wajen biyan kuɗi sai a ninka da 0.4536 a na'urar lissafi.

Ka lura kuma da wanda kuskuren ke cuta. Lambar laba kullum ta fi ta kilo yawa. Idan kai ne mai sayarwa a shago, mutum ya ce kilo 2 aka auna masa 2 a kan lb, giram 907 ya tafi da shi, shi aka cuta. Idan kuwa kai ne mai saye a ƙauye, mace ta kawo zoɓo kilo 10 sikeli ya nuna 22 ka biya kuɗin kilo 22, kai aka cuta, ko maigidan da ya ba ka jari. Zoɓo abu ne mai cika ido mara nauyi, hannu ba ya saurin gane shi kamar yadda yake gane gero.

Akwai wasu wurare da wannan ke shafar mutanenmu. Dilar gwanjo da aka rubuta 100 lbs kilo 45 ce da ɗan ɗori, kada a sayar maka da ita a matsayin kilo 100. Jakar matafiyi da aka iyakance wa 50 lb kusan kilo 23 ce. Maganin dabbobi da aka yi domin kasuwar Amurka yana faɗin adadin da za a bayar gwargwadon nauyin dabba da lb, wanda ya ɗauka kilo ne zai ba sa ƙasa da rabin abin da ya kamata, wanda kuma ya karanta nauyin sa da laba ya yi aiki da umarnin kilo zai ninka masa magani fiye da biyu. Masu kiwo da masu harkar kara a Maigatari su tambayi likitan dabbobi. Haka gr ba g ba ne: g giram ne, gr kuwa bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba, ko da yake wasu masu buga leda suna rubuta gr suna nufin giram bisa kuskure. Sai fl oz da ake gani a kwalbar turare: wannan awon ruwa ne, ba nauyi ba, kwalbar da aka rubuta 3.4 fl oz mililita 100 ce.

Mas'ala ta biyar: ozar zinariya daban take

Wannan ita ce mas'alar da ta fi shafar ibada. Zinariya da azurfa ba da ozar kasuwa ake auna su ba, suna da nasu tsarin da ake kira troy. Ozar troy, wadda ake rubutawa oz t ko ozt, giram 31.1 ce, ta fi ozar kasuwa da kusan giram 3. A cikinta akwai dwt guda 20, sunansa pennyweight, kowane giram 1.555. Harafin d na farkonsa shi ne wanda dattawa suka sani a zamanin fam da sule, lokacin da ake rubuta kwabo da d, daga denarius na Rumawa, kalmar da dinari ma ya fito daga gare ta. Labar troy kuma oza 12 ce kawai, giram 373. Duk lokacin da ka ji a rediyo ko ka gani a waya an ce farashin zinariya dala kaza kowace oza, ozar troy ake nufi ko da ba a faɗa ba. Tola da masu turare da wasu masu gwal ke ambata kuwa ma'aunin Indiya ne, giram 11.66.

Nisabin zinariya dinari 20 ne, nisabin azurfa dirhami 200. Mafi yawan malaman wannan zamani sun kimanta dinarin shari'a da giram 4.25, bisa dinarin da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira, kuma nauyin dirhami 10 daidai yake da na dinari 7. Da haka nisabin zinariya ya zama giram 85, na azurfa giram 595.

Giram 85 a ozar troy 2.73 ne. A ozar kasuwa kuwa kusan 3 ne cif. Wanda ya duba wayarsa ta gaya masa giram 85 oza 3 ne, sannan ya ninka farashin duniya sau 3, ya lissafa kuɗin giram 93 ke nan, ya ɗaga nisabi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Mai dukiyar da ke tsakanin nan zai zaci zakka ba ta hau kansa ba alhali ta hau, haƙƙin talaka ya maƙale a hannunsa. Haka azurfa: giram 595 oza 19.13 ne na troy, ba 21 ba. Hanya mafi aminci ita ce ka raba farashin oza da 31.1 ka sami farashin giram, sannan ka ninka da 85. Ka kuma tuna farashin da ake sanarwa na tatacciyar zinariya ne.

A musayar zinariya da zinariya, shari'a ta wajabta daidaito a nauyi da kuma hannu da hannu. Kada a auna ɗaya da sikeli mai oz a auna ɗayar da mai ozt a ce lamba ta yi daidai. A ɗora su a sikeli guda, a kan giram.

Mas'ala ta shida: kada ɗalibi ya haɗa su da uƙiyya da riɗili

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana almajirai masu karatun littattafai. Larabawan yau suna fassara pound da riɗl, wasu kuma suna fassara ounce da uƙiyya. Kalmomin suna da dangantaka ta asali, domin uƙiyya da ounce duk daga uncia ta Rumawa suka gangaro, kamar yadda dirhami da dram suka fito daga drachma ta Girkawa. Amma haɗuwar suna ba ta sa nauyi ya zama ɗaya.

Uƙiyyar da hadisi ya ambata a nisabin azurfa, inda ya nuna babu zakka a ƙasa da guda biyar, dirhami 40 ce, wato giram 119. Ta ninka oza sau huɗu. Wanda ya fassara ta da oza zai ce nisabin azurfa giram 142 ne ko 156, ya ɗora wa mutane abin da Allah bai ɗora musu ba.

Riɗilin da malaman fiƙihu ke lissafi da shi kuwa riɗilin Bagadaza ne. A Mukhtasar na Shehu Khalil an ƙaddara nisabin hatsi, wusƙi biyar, da riɗili 1,600, kowane riɗili dirhami 128. Masu mayar da shi giram a yau sun saɓa, daga kimanin 380 zuwa 408, amma dukkansu ƙasa da laba suke. Shi ya sa za ka ga wasu sun ce nisabi kilo 612 ne wasu sun ce 653. In mutum ya ɗauki riɗili a matsayin laba zai sami kilo 726, ya sauke zakka daga kan manomin da ta wajaba a kansa.

Sannan asalin nisabin hatsi awon mazubi ne: wusƙi sa'i 60 ne, sa'i mudu 4 ne da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Risala. Jimla sa'i 300, mudun Annabi 1,200. Kilo 612 ko 653 kimantawa ce da aka yi da alkama. Gero da dawa da wake da riɗi kowanne nauyin sa'insa daban. Riɗi kuwa a mazhabar Imamu Malik yana cikin abin da ake fitar wa zakka idan ya kai nisabi. Saboda haka manomi ya auna da mudun Annabi, ko ya cika sa'i ɗaya da irin abin da ya noma ya ɗora a sikeli ya ninka sau 300. Zakkar fidda kai ma haka take, sa'i ɗaya ce, da mudu ake auna ta.

Mas'ala ta bakwai: hukuncin abin da ya faru a shagonka

Tauye awo da gangan babban zunubi ne. Allah ya saukar da sura guda da sunan masu yin haka, Suratul Muɗaffifin, ya buɗe ta da narkon azaba a kansu, ya kuma ba mu labarin mutanen Annabi Shu'aibu da aka halaka suna kan wannan ɗabi'a. Wanda ya juya maɓallin sikeli da saninsa, yana fakewa da cewa mutanen ƙauye ba su iya karanta boko ba, shi da mai lotsa gindin mudu hukuncinsu ɗaya. Cewa ai lambar tana gabansa yana gani ba hujja ba ce, tunda a kan kilo aka yi ciniki.

Kai da yaronka kuwa kuskure ne, kuma babu zunubi a kan kuskure. Amma malamai sun haɗu a kan cewa dukiyar mutane ana lamunce ta ko da gangan aka ci ko bisa kuskure. Zunubi ne ya faɗi, bashin yana nan. Ga abin da za ka yi:

Na ɗaya, ka lissafa cinikin ranar. A kowane kilo da aka karɓi kuɗinsa, giram 454 aka bayar, saura giram 546. Wato a kowace naira 1,000 da ta shigo ta hanyar wannan sikeli, kusan naira 546 ba taka ba ce.

Na biyu, waɗanda ka sani ka neme su, ka cika musu kayansu ko ka mayar musu da kuɗin abin da ya rage. In wani ya ce ya fasa cinikin gaba ɗaya, ka karɓi kayanka ka ba shi kuɗinsa. In ya yafe da daɗin rai bayan ya san adadin, ya halatta gare ka.

Na uku, waɗanda ba ka sani ba ka yi cigiya, ka gaya wa maƙwabtan shago, ka sa a faɗa a masallacin unguwa. Gumel ba ta yi girman da mai sayen fulawa zai ɓace ba. Kada kunya ta hana ka, irin wannan sanarwa ƙara wa ɗan kasuwa daraja take yi.

Na huɗu, abin da ya rage bayan ka yi iyakar ƙoƙari ka ɗebe tsammanin samun masu shi, ka yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare su. In wani ya bayyana daga baya, ka ba shi zaɓi tsakanin ladan sadakar da karɓar haƙƙinsa.

Na biyar, kada ka zaftare wa yaron albashi a kan wannan, kuɗin rarar a aljihunka suka shiga. Ka zaunar da shi ka nuna masa bambancin kg da lb, domin koya masa aikin yana kanka.

Haka hukuncin yake idan abin ya juyo. Manomin da aka biya kuɗin kilo 22 alhali kilo 10 ya kawo, in ya gane, wajibi ne ya mayar da rarar, kada ya ce rabonsa ne ya tsaga. Ɗan kamashon da ke saye da kuɗin wani shi ma amana ce a hannunsa, duba sikeli kafin awo yana cikin kiyaye ta.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin kasuwa da sarakunan awo a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da su tanadi duwatsun awo tabbatattu na kilo 1 da 5 da 20 wanda kowa zai iya gwada sikelinsa da su ranar kasuwa. Duba ma'auni tsohon aikin hisba ne a garuruwan Musulmi, kuma a gwamnatance ma akwai sashen kula da awo da ma'auni a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Kai kuma mai saye, ko ba ka yi boko ba, ka haddace surar haruffa biyu, k da g. In ba su ka gani a gefen lamba ba, ka ce a dakata a gyara sikeli kafin a zuba maka kaya.

Allah ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane.

Wallahu a'alam.